Yadda Ake Shirya Bikin Kaka na Gari Wanda Iyali Duka Za Su Halarta

Idan aka gama girbi aka kai amfanin gona gida, hunturu kuma ya fara shigowa, manomi yana samun sararin da ba ya samu a sauran watannin shekara. A wannan tsakani ne ƙauyukan ƙasar Hausa suka saba ɗaura aurarraki, a buɗe fagen dambe da kokawa, samari da 'yan mata kuma su shirya kalankuwa domin murnar ganin ƙarshen aikin damina. Manyan bukukuwan da sunansu ya fita duniya ma daga irin wannan tushe suka taso. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai garin a 1934, har yanzu yana haɗa kamun kifi a kogin Matan Fada da baje kolin amfanin gona, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, kamar yadda ta sanya hawan sallar Kano a 2024. A Nijar kuwa, gasar kokawar neman Takobi da aka fara a Tawa a 1975 ta zama taron ƙasa baki ɗaya.

Sai dai magidanci mai 'ya'ya bakwai ba zai iya kwasar iyalinsa zuwa Argungu ba, kuma ko ya je, kallo kawai zai yi ya dawo. Abin da gari ko unguwa za ta iya yi da kanta shi ne bikin yini guda, inda manomi zai nuna abin da ya noma, mai sana'a ya yi aikinsa a gaban jama'a, mata su sami wurinsu, yara kuma su taɓa abu da hannunsu. Irin wannan biki yana ɗorewa ne idan ya kasance ƙarami kuma mutanen gari ne suke riƙe da shi. Da zarar ya koma taron jawabai da manyan baƙi, to shekara ɗaya ko biyu zai yi ya mutu.

Mataki na farko: a nemi yardar masu gari tun damina

Shiri yana farawa ne tun gero yana bunni, ba bayan girbi ba, saboda dalilin da zai bayyana idan an zo maganar gasar manoma. Waɗanda suka kawo shawarar, ko ƙungiyar ci gaban gari ce ko ta manoma ko ta matasa, su fara zuwa wurin mai unguwa, shi ya kai su gaban dagaci, dagaci kuma ya sanar da hakimi. Tsallake wannan tsani yana jawo ɓacin ran da ba ya gyaruwa da sauƙi. Bayan an sami amincewarsu sai a rubuta takarda zuwa ƙaramar hukuma, a ba sashen aikin gona kwafi, a kuma sanar da ofishin 'yan sanda na yankin.

Limamin gari ya kamata a je masa tun a wannan zagaye na farko, kuma a je da bayani dalla-dalla. Malamai da dama sun ƙyamaci kalankuwa ne saboda kiɗan dare da cakuɗuwar samari da 'yan mata, don haka idan aka ce za a yi bikin kaka, abin da zai fara zuwa zuciyarsu ke nan. A faɗa masa cewa da rana za a yi, za a tsaya a yi azahar da la'asar cikin jam'i, za a watse kafin magariba, kuma an ware wa mata ɓangarensu. Limamin da aka shawarta tun farko shi ne zai yi sanarwar bikin bayan sallar Juma'a, kuma babu wata sanarwa da ta kai wannan shiga gidaje. A garin da ake zaune tare da Kirista, a je wa shugabannin coci da irin wannan bayani, domin noma bai bar kowa a baya ba.

Kwamitin shiri kada ya wuce mutum tara ko goma sha ɗaya. A sa Sarkin Noma ko wakilinsa, da malamin gona, da shugaban makarantar firamare, da mutum ɗaya daga masu sana'o'in hannu, da wakilin makiyaya, da wakilin matasa, da mata aƙalla biyu waɗanda ake jin maganarsu a cikin gidaje. Zaman wakilin makiyaya ba don cika gurbi ba ne. Kaka ita ce lokacin da rikicin ɓarnar gona yake yawaita, kuma zaman Arɗo da Sarkin Noma a kan tabarma ɗaya suna tsara abu guda yana rage zafin da ke tsakani fiye da yadda ake zato.

Mataki na biyu: tsayar da rana

Gero da gyaɗa suna shigowa da wuri, amma dawa da maiwa da wake mai daɗewa sai wajen Nuwamba zuwa Disamba ake gama kwashe su. Saboda haka tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu ya fi dacewa a yawancin wurare: an gama aiki, akwai ɗan kuɗi a hannun mutane, 'yan cirani ba su gama watsewa ba, zafin bazara da ke zuwa da sanƙarau kuma bai iso ba. A duba kalandar Musulunci, wadda take matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, don kada ranar ta faɗa cikin azumi ko dab da salla. A kauce wa ranar kasuwar garin da ta manyan kasuwannin maƙwabta, domin masu sana'ar da ake so su zo ba za su bar ciniki saboda biki ba. Asabar a cikin hutun makaranta ta fi sauƙi. A wuraren da ake fama da 'yan bindiga, shawarar jami'an tsaro da 'yan sintiri ita ce gaba da komai, kuma idan suka ce a ɗage, a ɗage.

Mataki na uku: kuɗi

A rubuta abin da ba makawa sai an kashe masa kuɗi: rumfuna, ruwan sha, lasifika da janareta, abincin alƙalai da masu tsaro, sallamar makaɗa, da kyaututtuka. Sauran duk ana iya samunsu ta aro ko ta gayya. Bencina daga makaranta, tabarmi daga gidaje, zana da kara daga gonaki, sharar fili kuma aikin samari ne.

Gudummawa ta fi albarka idan aka karɓe ta a matsayin hatsi, tiya ɗaya ko biyu daga kowane gida, a tara a sayar, saboda a kaka hatsi ya fi kuɗi sauƙin fita daga hannun manomi. 'Yan asalin garin da ke zaune a birane sukan taimaka idan aka nuna musu lissafi a rubuce. Masu sayar da iri da taki da magungunan feshi za su iya biyan kuɗin rumfa, da sharaɗin ba su da bakin magana a alƙalanci. Game da 'yan siyasa kuwa, a karɓi abin da suka bayar a yi godiya a bainar jama'a, amma kada a yarda a liƙa hoton ɗan takara ko tutar jam'iyya a filin, domin ranar da aka yi haka rabin gari ya fita daga bikin. Kuɗi ya zauna a hannun ma'aji, kada a fitar da ko sisi sai da sa hannun mutum biyu, kuma komai ya shiga littafi ɗaya.

Mataki na huɗu: tsarin fili

Filin makarantar firamare ya fi kowane wuri dacewa, saboda yana da azuzuwa, sau da yawa da famfon tuƙa-tuƙa da banɗaki. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka duk abin da ke da wuta ko hayaƙi ko wari, wato maƙera da wurin tuya da tukubar mahauta da turken dabbobi, a ajiye shi ta kudu maso yamma, nesa da rumfunan zana da tulin kara. A ajiye bokitan ruwa da na yashi kusa da kowace wuta. Da sassafe a yayyafa ruwa a filin don ƙura ta kwanta.

A tsakiya a bar fage, a zuba masa yashi. Rumfar dattawa ta kasance gefe guda, ɓangaren mata gefe guda da ƙofarsa daban da banɗakinsa daban, tare da aji ɗaya da aka keɓe wa masu shayarwa. Babura da motoci su tsaya can waje. A tanadi wurin alwala da na salla, da rumfa guda mai alama ta musamman inda ma'aikacin lafiya da 'yan agaji za su zauna, wadda kuma ita ce wurin kai duk yaron da ya ɓace.

Mataki na biyar: gasar manoma, wadda ita ce ƙashin bayan bikin

A nan ake samun suna, a nan kuma ake samun rigima, saboda haka ya cancanci a tsaya a kansa. A al'ada, manomin da ya tara dami dubu shi ne ake yi wa biki a san shi da sarautar noma. Wannan ma'auni yana fifita mai manyan gonaki da yawan 'yan ƙwadago. Idan aka bi shi a gasar gari, mutum biyu ko uku ne za su riƙa lashewa kowace shekara, sauran su daina shiga. Hanyar da ta fi adalci ita ce a auna abin da ƙasa mai faɗi ɗaya ta bayar. Tun kafin girbi, malamin gona da mutum biyu daga kwamiti su ziyarci gonar duk wanda ya yi rajista, su auna fili mita 10 tsawo mita 10 faɗi a wurin da su suka zaɓa, ba mai gona ba, su kafa turaku. Ranar girbi a yanke wannan yanki daban, a shanya, a sussuka, a sheƙe, a ɗora a sikeli a gabansu. Tun da hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, abin da aka samu idan aka ninka shi sau 100 ya nuna abin da hekta za ta bayar. Ta haka mai gayauna zai iya kayar da mai gandu, kuma wannan ne dalilin fara shiri tun damina.

Gasa ta biyu ita ce ta kyawun amfani, wadda ake yi a ranar bikin. Kowane mai shiga ya kawo zangarniya goma da tiya ɗaya ta tsaba. A raba rukuni-rukuni, domin ba a gwada kaura da farfara, ko gero da maiwa, ko kanannado da ɗan'ila, ko gyaɗa mai bargo da 'yar Dakar. Abin da alƙalai za su duba shi ne cikar zangarniya, da girman ƙwaya da daidaituwarta, da tsabta daga tsakuwa da ƙaiƙayi, da rashin huji na ƙwari, da rashin burtuntuna a dawa ko fumfuna a gyaɗa da masara, sannan bushewa. Akwai gwajin bushewa mai sauƙi da ya kamata a yi a gaban jama'a: a zuba busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, a ƙara hatsin, a rufe, a girgiza, a bar shi ya ɗan jima. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe yadda zai ajiyu ba.

Kada a rubuta sunan kowa a jikin kayan da aka baje. A ba kowane kaya lamba, takardar sunaye ta zauna a hannun magatakarda har a gama. Alƙalai su zama uku, malamin gona da gogaggun manoma biyu daga wani gari, waɗanda ba su da ɗa ko suruki a cikin gasar. Idan za a faɗi sakamako, shugaban alƙalai ya ɗaga zangarniyar da ta ci ya bayyana dalili, domin bayanin ya fi kyautar amfani ga sauran manoma. A buɗe rukuni na mata, waɗanda da yawansu suke noman riɗi da wake da yakuwa da kuɓewa, da rukuni na yara masu ɗan lambu a gida ko a makaranta. Kyauta kuma ta zama abin aiki: garma, injin feshi na goyo, buhun taki, ingantaccen iri, buhunan ajiya. Kuɗin hannu yakan ƙare kafin a kai gida.

Mataki na shida: rumfar iri da ajiya

Kusa da wurin gasa a kafa rumfar malaman gona. A rubuta takardar gayyata da wuri zuwa hukumar bunƙasa aikin gona ta jiha, irin su KNARDA a Kano, kuma idan hali ya yi a nemi takardun wayar da kai na Hausa daga NAERLS, cibiyar wayar da kan manoma da ke Zariya. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ita ce take fitar da ire-iren dawa da masara da wake da gyaɗa masu suna SAMSORG da SAMMAZ da SAMPEA da SAMNUT, ta Tafkin Chadi da ke Maiduguri tana aiki a kan gero da alkama, a Nijar kuma cibiyar binciken aikin gona ta INRAN ce take da wannan nauyi. Manoma da yawa sun san gero SOSAT da shinkafa FARO 44, amma ba kowa ya san cewa masara mai aure, wadda aka samar ta hanyar haɗa iri biyu, ba a ajiye irinta a sake shukawa ba, domin amfaninta yana raguwa. Irin wannan bayani a tsaye, da zangarniya a hannu, ya fi shiga kunne.

Abu biyu ya kamata a nuna a aikace. Na farko gwajin tsiro: mako guda kafin biki, ɗaliban makaranta su ƙirga ƙwaya 100 daga kowane iri, su shuka a faranti mai danshin yashi, su riƙa yayyafa ruwa, ranar biki su ƙirga waɗanda suka tsiro a gaban iyayensu. Na biyu buhun ajiyar hatsi na PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta samar, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. A nuna yadda ake matse iska a ɗaure kowace leda daban, a kuma bayyana cewa ƙwarin suna mutuwa ne saboda rashin iska, ba tare da an zuba magani ba. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin zuba maganin ƙwari a wake yana cutar da masu ci, kuma shi ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015.

A gefen rumfar a shimfiɗa tabarmar musayar iri, inda duk mai tsohon irin gida zai kawo a ƙananan ƙwarya, wani ya ɗiba ya ba shi nasa. Magatakarda ya rubuta sunan irin, da wanda ya kawo, da wanda ya karɓa. Tsofaffin mata su ne suka fi kowa riƙe irin kuɓewa da kabewa da gurjiya da ba a samu a shago, don haka a aika musu da gayyata ta musamman.

Game da dabbobi, a taƙaita. Tara dabbobin gidaje daban-daban wuri ɗaya yana yaɗa cuta, musamman ga kaji a lokacin sanyi. A tsaya ga 'yan raguna balami da uda da 'yankasa, da jajayen awaki, da shanun huɗa, malamin dabbobi ya duba kowacce a bakin ƙofa, kowane gida kuma ya zo da abin ban ruwansa.

Mataki na bakwai: masu sana'a da yara

Kuskuren da aka fi yi shi ne a jera kayan gargajiya a kan tebur, a sa igiya a ce kada a taɓa. Yaro zai leƙa ya wuce. Abin da ke tsayar da shi shi ne ganin aiki yana gudana. A roƙi Sarkin Maƙera ya kafa maƙera a filin, da zuga-zugi da uwar maƙera da masaba da awartaki, ya ƙera lauje ko ruwan fartanya tun daga guntun ƙarfe har ya kammala. Yaro ɗan shekara goma da aka zaunar a bayan zuga-zugi, yana danna wannan yana ɗaga wancan, yana ganin gawayi yana ja ƙarfen yana canja launi, ba zai manta da ranar ba. A ja layi a ƙasa wanda sauran yara ba za su ƙetare ba saboda tartsatsi.

Haka za a yi da masaƙi da ƙoshiyarsa, da baduku, da masassaƙi mai gizago yana fafe turmi ko muciya, da mai ɗinkin hula. Marini ba zai iya ɗauko karofi ya kawo ba, irin na Ƙofar Mata a Kano, amma zai iya haɗa baba da toka a babbar tukunya kwanaki kafin biki, kowane yaro ya zo da farin ƙyalle, ya ƙulle shi da zare, ya tsoma, ya fitar ya ga yadda koren da ya fito da shi yake komawa shuɗi idan ya sha iska. A ɓangaren mata a sami mai kaɗi da mazari da abduga, da mai saƙar faifai, da mai ginin tukwane wadda za ta ba kowane yaro curin yumɓu, da mai ƙunshi. Kowane mai sana'a a bar shi ya sayar da kayansa ba tare da an karɓi kuɗin rumfa ba, a kuma biya shi kuɗin kayan da yara suka ɓata, domin yini guda ya bari na neman abincinsa.

Yaran a raba su rukuni na goma zuwa goma sha biyar, kowane rukuni da malami ko babbar yaya, su riƙa zagayawa daga rumfa zuwa rumfa. A aji ɗaya a zaunar da tsohuwa mai baki ta yi tatsuniya da kacici-kacici, a wani a yi gasar cika karin magana, a faɗi rabi yaro ya ƙarasa. Langa da dara ga maza, gaɗa da carafke ga mata, ba sa bukatar ko kwabo. Akwai kuma gasar da iyaye suke jin daɗinta ƙwarai: a jera ƙwarya goma da gero, maiwa, dawa, acca, riɗi, gurjiya da sauransu, a ga yaron da zai faɗi sunan kowanne. Yaran birni da suka zo hutu sukan sha mamaki a nan.

Mataki na takwas: abinci da kiɗa

Gasar girki ta tsaya ga abin da aka noma a garin: dambu, tubani, burabusko, ɗanwake, fate, tuwon dawa da miyar taushe, kunun gyaɗa, dakuwa, nakiya, alkaki. Mata su yi alƙalanci, su ma da lamba ba da suna ba. Masu sayar da fura da nono da waina da ƙuli-ƙuli da tsire a ba su layi guda, a wajabta rufe abinci saboda ƙura, a ajiye ruwa da sabulu a bakin layin.

A kiɗa, gangar noma ce ta fi cancanta ta buɗe fage, manoma su fito da garemani su taka ana yi musu kirari. Kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera, shantu da kiɗan ƙwarya kuma na mata ne a ɓangarensu. Kakaki da tambari na sarauta ne, ba a kiran su sai da izinin fada. A yi yarjejeniya da makaɗa tun kafin ranar a kan sallamarsu, da cewa babu zambo babu habaici ga kowa. Kokawar yara a kan yashi, ana haɗa sa'a da sa'a, ta dace da taron iyali. Dambe kuwa, a ganina, a bar shi zuwa wata rana da wani fage, saboda jini da caca da shaye-shayen da kan biyo shi ba su dace da wurin da aka tara ƙananan yara ba.

Mataki na tara: ranar bikin

Kayan gasa su iso tun bayan asuba, alƙalai su gama aikinsu kafin jama'a su cika. Da hantsi liman ya buɗe da addu'a, dagaci ko hakimi ya yi maraba, Sarkin Noma ya yi magana, shi ke nan. Jawabi uku sun isa, kowanne kada ya wuce minti biyar, kuma kada a jira babban baƙon da ya makara. Daga nan zuwa azahar lokacin zagaya rumfuna ne, bayan salla da abinci a shiga wasanni, bayan la'asar a raba kyaututtuka, a watse da sauran rana domin na ƙauyukan nesa su isa gida da haske.

Sanƙira ko mai lasifika ya riƙa tunatar da iyaye su sa takarda mai sunan uba da unguwa da lambar waya a aljihun ƙananan yara. 'Yan sintiri su tsaya a ƙofofi, kada a shiga da wuƙa ko gora ko kayan maye. Masu ɗaukar hoto da bidiyo don Facebook ko TikTok a gaya musu tun a ƙofa cewa ba a ɗaukar ɓangaren mata sai da yardarsu, domin hoto ɗaya da ya fita ba da izini ba ya isa ya sa magidanta su hana iyalinsu zuwa baɗi.

Mataki na goma: bayan an watse

Washegari samari su share filin, su kwashe ledoji kafin dabbobi su ci, a mayar da duk abin da aka aro, wanda ya lalace a biya. Cikin mako guda kwamiti ya zauna a ƙofar gidan dagaci, ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita da abin da ya rage, a liƙa kwafi a makaranta, a aika wani ga 'yan gari da ke birni. A je a yi wa masu sana'a da alƙalai da makaɗa godiya har gida.

Littafin magatakarda, mai ɗauke da awon gonaki da sunayen ire-iren da aka yi musaya da waɗanda suka karɓa, a damƙa shi ga shugaban makaranta ya adana. Idan damina ta sauka shuka ta kai gwiwa, malamin gona da Sarkin Noma su bi sunayen nan gona-gona su ga yadda irin ya yi a ƙasar kowa, su rubuta, kuma a wannan zagayen ne za a fara rajistar waɗanda za su shiga gasar kaka mai zuwa.